Mai son kiwon kifi, ya fara da kiwon ruwa

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wata sana'a wadda ba mu gada ba a Damargu, wato kiwon kifi a gida.

Ƙasarmu ƙasar gero ce da dabbobi. Daga Falanko zuwa Tanut, daga Gangara zuwa Belbeji, ba mu da kogi. Yawancin tabkunanmu sukan ƙafe da rani. Kifin da muke ci daga nesa yake zuwa, ko banda daga Tabkin Cadi, ko busasshe daga kudu. Kafin ya iso kasuwarmu ya yi tsada. Ga shi kuwa kifi abinci ne mai gina jiki, musamman ga yara ƙanana, da mata masu ciki, da masu shayarwa.

Masu zuwa Damagaram da Maraɗi da Kano suna ganin yadda ake kiwon tarwaɗa a cikin kwamin siminti ko na tamfol. Da yawa sukan dawo da sha'awar gwadawa. Sha'awar mai kyau ce. Amma akwai wata asara da ta fi cin masu farawa. Mutum ya gina kwami yau, ya cika shi da ruwa gobe, jibi ya zuba ƴaƴan kifi ɗari. Kafin mako ya zagayo sai ya tarar da su sun taso saman ruwa, ciki a sama. Kuɗin tunkiya ya tafi. Wani ya zargi mai sayar da kifin, wani ya ce baki ne. To, ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan lokaci dalilin ɗaya ne: an zuba kifi cikin ɗanyen ruwa, ruwan da bai nuna ba.

Darasi daga masu kiwon kifin teku

A manyan biranen duniya akwai mutanen da suke ajiye kifin teku a cikin ɗakunansu. Sukan sa shi a akwatin gilashi domin kallo. Sunan wannan akwati akwariyum. Abin ya daɗe, domin tun a shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a birnin Landan, a ƙasar Ingila.

Ruwan teku ruwan gishiri ne. Kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Wato bido ɗaya mai lita 20 yana da giram 700. Mai wannan kiwo yakan haɗa ruwan da kansa da wani gishiri na musamman, ba gishirin miya ba. Sai ya zuba yashi da duwatsu masu ƙananan ramuka. Daga nan sai ya yi abin da ya fi kowane wuya: ya zauna ya jira. Yakan jira mako huɗu zuwa shida, akwatin babu kifi ko ɗaya. Bayan haka ma ba ya zuba kifi gaba ɗaya. Yakan sa ɗaya ko biyu, ya jira makonni, sannan ya ƙara.

Nijar ba ta da teku, kuma ba kiwon kifin kallo muke kira a yi ba. Mu abinci muke nema. Amma dokar ruwa ɗaya ce, ko a Landan ko a Falanko. Abin da yake kashe kifin teku a sabon akwati, shi ne yake kashe tarwaɗa a sabon kwami.

Me ke faruwa a cikin ruwa?

Kowa ya san warin da ke tashi a garken da fitsarin dabbobi ya taru, warin nan mai hawa hanci. Abin da ke kawo shi sunansa amoniya. Kifi ma yana fitar da amoniya. Yana fitar da ita ta jajayen abubuwan nan da ke gefen kansa, waɗanda yake numfashi da su. Kashinsa da ragowar abincinsa idan sun ruɓe, su ma sukan zama amoniya. Akuya tana iya matsawa daga inda ta yi fitsari. Kifin kwami ba shi da wurin matsawa. A nan yake ci, a nan yake numfashi, a nan yake bayan gida.

Amoniya guba ce ga kifi. Amma Allah ya halicci wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana kiransu bakteriya. Ba dukansu ne ke kawo cuta ba. Akwai masu amfani, kamar waɗanda ke mai da madara nono. Wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Winogradsky ya yi bincike a kansu wajen shekarar 1890. Ya nuna cewa akwai iri biyu masu aiki hannu da hannu. Iri na farko yana cin amoniya ya mai da ita wani abu mai suna nitirit. Shi ma nitirit guba ne, domin yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Sai iri na biyu ya ci nitirit ya mai da shi nitirat. Shi nitirat ba shi da haɗari sosai, kuma taki ne ga shuka.

Waɗannan halittu ba sa yawo cikin ruwa sosai. Sukan manne a bango, da tsakuwa, da yashi. Santsin nan da ake ji a bangon tsohon kwami, gidansu ne. Suna bukatar iska, kuma ba sa hayayyafa da sauri. Sabon kwami ba shi da su sai kaɗan. Shi ya sa ake jira. Idan sun yawaita, sai mu ce ruwa ya nuna.

Matan da ke yin nono sun san wannan darasi. Ba a zuba madara a ƙwarya a sha nono nan take. Sai an sa ɗan tsohon nono, an rufe, an bar shi ya kwana. Haka ruwan kifi yake, sai dai nasa kwanan makonni ne.

Halin ruwanmu

Akwai abubuwa uku da ya kamata mu sani game da ruwan yankinmu.

Na farko, kanwa. Wasu rijiyoyi ruwansu yana da kanwa ko zartsi. Idan ruwa yana da kanwa da yawa, gubar amoniya takan ninka ƙarfi. Zafi ma yana ƙara mata ƙarfi. Saboda haka a ɗanɗana ruwan. A duba ko yana barin farin gari a bakin tulu. Akwai wata ƴar takardar gwaji mai canza launi, wadda ke nuna lamba. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Daga 6 da rabi zuwa 8 da rabi kifi yana jin daɗi. Idan ta kai 9 ko ta wuce, a nemi wani ruwan. Karfasa ta fi tarwaɗa jure ruwa mai ɗan gishiri.

Na biyu, rana. Masu gishirin Bilma sun san cewa rana ruwa take sha, ta bar gishiri. Masu kifin teku ma sun san haka, shi ya sa idan ruwansu ya ragu, da ruwan daɗi suke cikawa. A wurinmu, da bazara, rana da iska sukan sha kusan santimita ɗaya na ruwan kwami a wuni. Idan cikawa kawai muke yi, ba ma zubar da komai, kanwa da gishiri za su yi ta taruwa har su fi ƙarfin kifi. Dole a riƙa fitar da wani kashi na tsohon ruwa.

Na uku, iska. Ruwan rijiya mai zurfi da na famfon burtsatse ba su da iska sosai lokacin da suka fito. A riƙa zuba su daga sama, suna fantsama. Ruwan da aka sa wa maganin javel domin sha kuwa, a bar shi a buɗe kwana biyu tukuna, domin maganin yana kashe kifi, yana kuma kashe halittun nan masu amfani.

A yi lissafi tukuna

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Damargu ruwa ba abin wasa ba ne. Rijiyoyinmu suna da zurfi, kuma mun san wahalar da mata da yara suke sha wajen ɗiba. Kafin a sayi buhun siminti ɗaya, a ɗauki alƙalami.

Mu ɗauki kwami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, tsayin santimita 80. Idan aka zuba ruwa ya kai santimita 50, ya ci lita 1000 ke nan. Wato bido 50 masu lita 20, ko tano 5 masu lita 200. Da zafi, rana kaɗai takan sha kusan bido ɗaya a wuni. Idan kifi yana ƙarami, za a canza bido 10 duk bayan kwana biyu. Idan ya girma, sai an canza bido 10 zuwa 15 kullum.

Wa zai ɗebo wannan ruwa? Daga ina? Nawa ne kuɗinsa? Idan ruwan shan mutane da na dabbobi zai ragu saboda kifi, to, a haƙura. Mutum ne gaba, sannan dabba, sannan kifi. Wannan sana'a ta fi dacewa da wanda ke kusa da famfo mai isasshen ruwa, ko ƙungiyar mata mai lambu. A lambu, ruwa ɗaya yana aiki biyu: ya raya kifi, sannan ya shayar da zogale da tumatir da yakuwa, ya kuma ba su taki.

Mai farawa kada ya wuce tarwaɗa 20 zuwa 25 a irin wannan kwami. Masu ɗaruruwa suna da injin ruwa da gogewa. Shekarar farko shekarar koyo ce.

Wane lokaci ya fi?

Tarwaɗa da karfasa kifayen zafi ne. Sun fi girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30. Da ɗari, a watannin Disamba da Janairu, sukan rage cin abinci, girmansu ya tsaya, wasu ma su mutu. A tsakiyar bazara kuwa ruwa yakan yi wuya. Don haka shawararmu ita ce: a gina kwami a watan Mayu, a nuna ruwa a watan Yuni, a zuba kifi a watan Yuli, a kwashe kafin ɗari ya kankama.

Matakan nuna ruwa

1. Zaɓen wuri. A gina kwami a inuwa, ko a yi masa rumfar zana. A sa masa bututun fitar da ruwa a ƙasa, wanda zai bi zuwa shuka.

2. Jiƙa siminti. Sabon siminti yana fitar da wani abu mai kaifi irin na farar ƙasa, wanda ke ƙona fatar kifi. A cika kwami da ruwa, a bar shi mako guda, a zubar. A sake cikawa, a bar shi wani makon, a zubar, a wanke da ruwa zalla. Kada mutum ko dabba su sha wannan ruwa. Sabon tamfol ma a jiƙa shi kwanaki, a wanke.

3. Gina wa halittu gida. A wanke tsakuwa da tsingaron tukunya sosai. A zuba su cikin kwando ko buhu mai ramuka, a ajiye a kusurwar kwami.

4. Zuba ruwa da ɗan abinci. A cika kwami da ruwan da za a yi kiwo da shi. A ɗaure busasshen kashin shanu cikin hannu biyu a tsumma, a rataya a cikin ruwan. Ko kuwa a riƙa barbaɗa ɗan garin abincin kifi kaɗan kullum. Wannan shi zai ciyar da halittun. Wanda ya san mai tsohon kwami da kifinsa ke lafiya, ya roƙi ɗan tsakuwa daga ciki, ya kawo ta a jiƙe. Ita ce tsohon nonon da ake sa wa madara.

5. Ba ruwa iska. Safe da yamma a ɗebi ruwan da ƙwarya, a zuba shi daga sama sau da yawa.

6. Jira da lura. A kwanakin farko ruwan zai yi duhu-duhu, ya ɗan yi wari. Kada a tsorata, kada a zubar. Sannu a hankali warin zai tafi, bango ya yi santsi, ruwan ya ɗan yi kore. Idan ya yi kore, a cire tsumman taki. A ba shi mako huɗu. Wanda ya samu tsakuwar tsohon kwami, nasa yakan fi sauri.

7. Gwaji da kaɗan. A fara da kifi biyar. A lura da su mako guda. Idan suna ci, suna iyo da kuzari, a ƙara goma. Bayan wani makon a ƙara sauran. Wanda wurin saye ya yi masa nisa, dole ya kawo su gaba ɗaya, to, ya rage abinci ƙwarai a makonni biyu na farko, ya kuma yawaita canza ruwa.

Ranar kawo kifi

A sayi ƴaƴan kifi masu tsawon yatsa, masu girma ɗaya. Ƙanana ƙwarai ba sa jure tafiya. Daga Damagaram zuwa Tanut kimanin kilomita 150 ne, ban da hanyar yashi zuwa ƙauyuka. A yi tafiyar da asuba ko da dare. A rufe mazubin da jiƙaƙƙen buhu. Kada a ba su abinci ranar tafiya.

Idan an iso, kada a juye su kai tsaye. A sa mazubin cikin ruwan kwami kimanin minti 20, domin ɗumin ruwan biyu ya zama ɗaya. Sai a riƙa ƙara ruwan kwami cikin mazubin kaɗan-kaɗan. Daga nan a karkata shi, su fita da kansu. A bari sai washegari a ba su abinci.

Abinci da kulawa

Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi. Duk abin da bai ci ba, ruɓewa zai yi ya zama guba. A ba su sau biyu a wuni, safe da yamma, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 10. Idan sun bar saura, gobe a rage.

Abincin kanti ya fi sa girma, amma yana da tsada. Ana iya haɗa na gida: dusar gero, da tunkuza, da garin busasshen kifi, da dafaffen jinin mahauta, a cuɗa a yi ƙananan dunƙule a shanya. Gara da fara ma abinci ne mai kyau. Amma a kula, kada a ba su farar da aka yi wa feshi.

Tarwaɗa tana cin ƴar uwarta. Duk bayan mako biyu a duba, a ware waɗanda suka fi sauran girma sosai. Tana kuma tsalle, don haka kada a cika kwami har baki. Idan abinci da ruwa sun yi kyau, cikin wata biyar zuwa shida tana iya kai rabin kilo ko fiye.

Abubuwa huɗu da aka hana

Kada a zubar da ruwa duka a lokaci ɗaya, sai in haɗari ya faru. Kada a kankare bangon kwami tas, ko a wanke shi da sabulu ko omo, domin an rushe gidan halittun da aka yi wata guda ana reno. Kada a bar tsakuwar ta bushe a rana. In ta yi datti a ɗauraye ta da ruwan kwamin. Kada a taɓa amfani da tano ko bido ko bokitin da ya taɓa ɗaukar maganin fara, ko maganin ƙwari, ko man fetur. Ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi duka, ya kuma cuci mai ci.

Alamun haɗari

Kifi ba ya magana, amma yana nuna alama. Tarwaɗa takan hau sama ta shaƙi iska ta koma, wannan ɗabi'arta ce. Amma idan ta tsaya a tsaye a saman ruwa ba ta motsi, akwai matsala. Idan karfasa ta taru a sama da asuba tana buɗe baki, iska ta ƙare. Idan kifi ya ƙi abinci, ko ruwa ya yi wari, ko kumfa ta rufe shi, a yi abu uku nan da nan: a dakatar da abinci, a canza rabin ruwa, a ba shi iska da ƙwarya. Wanda ya mutu a cire shi a binne, kada a ci. Sannan a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji da ruwa, domin sha'anin kifi yana cikin aikinsu.

Lafiyar iyali

Rigakafi ya fi magani. Makonnin da kwami yake jira babu kifi, sauro zai so ya yi ƙwai a ciki. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo, kwana 7 zuwa 10 ne kawai a lokacin zafi. Kada mu nemi kifi mu samo zazzaɓin cizon sauro. A rufe kwami ruf da raga mai ƙananan ido, ko tsohon gidan sauron da aka daina kwana a ciki, a ɗinke ramukansa. Sabon gidan sauro na mutane ne.

Ruwan santimita 50 ya isa ya halaka yaro mai rarrafe. A kewaye kwami da shinge mai ƙofa, a riƙa rufe ta kullum. Ruwan kifi na shuka ne, ba na sha ba, ba na wanka ba. A zuba shi a gindin shuka, ba a kan ganyen da za a ci ɗanye ba. A wanke hannu da sabulu bayan aiki. A dafa kifi ya dahu sosai, a cire ƙaya kafin a ba yara. Kuma idan an kwashe, kada a sayar duka. Rabon yara da uwarsu shi ne ribar farko.

Ga amfanin karatu

Mu da muke zagaya cibiyoyin yaƙi da jahilci, kullum muna cewa karatu kayan aiki ne kamar hauya. Ga wurin amfani da shi. Kowane mai kiwo ya ware littafi ɗaya. Ya ja layi huɗu: kwanan wata, abincin da aka bayar, bidon ruwan da aka canza, kifin da ya mutu. A shafin ƙarshe ya rubuta kuɗin da ya kashe da wanda ya samu. Idan shekara ta zagayo, littafin zai gaya masa gaskiya, ko ya ci gaba, ko ya gyara, ko ya bari. Muna roƙon malaman cibiyoyi su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, su yi lissafin bido da lita a kan allo.

Manomi ba ya shuka sai ƙasa ta sha ruwa. Mai kiwon kifi ma kada ya zuba kifi sai ruwa ya nuna. Mako biyu na jiƙa siminti, mako huɗu na nuna ruwa, kifi biyar na gwaji. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. Amin.